Cacar ƙwallo ta intanet: Wa matashin Boɗinga zai kai wa kuka idan kuɗinsa suka maƙale?

A garuruwan Boɗinga da Shagari da ke Jihar Sakkwato, matashi ba ya buƙatar shiga shagon caca kafin ya yanki tikiti. Waya da data sun wadatar. Daga bencin gidan kallon ƙwallo zai buɗe manhajar Bet9ja ko SportyBet ko BetKing, ya zuba kuɗi kan wasannin Firimiyar Ingila cikin ɗan lokaci.

Sai dai zuba kuɗin ya fi cire su sauƙi.

Kafin a biya wanda ya ci, kamfanonin kan nemi sunan da ke asusun cacar ya zo daidai da na asusun banki. Tun Disambar 2023 kuma Babban Bankin Najeriya ya wajabta haɗa ƙananan asusu da lambar BVN ko NIN. Yaron da bai kai shekara 18 ba, ko wanda ya yi rajista da sunan yayansa don gudun idon gida, a nan yakan maƙale.

Ko an biya, kuɗin ba sa isowa cif. Ƙa'idar harajin da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025 ta tanadi a cire kashi 5 cikin 100 na abin da mazaunin Najeriya ya ci a caca, wato naira 5,000 daga cikin 100,000. Daga nan sai ladan mai POS, wanda shi ne bankin mafi yawan mutanen karkara. Shi ma a Disambar 2024 Babban Bankin ya taƙaita masa bai wa mutum guda tsabar naira 100,000 a rana.

Akwai kuma maɓallin karɓar kuɗi kafin a tashi wasa. A ido taimako ne, amma kamfani ne ke yanke farashin, kuma da ribarsa a ciki. Abin da aka karɓa ɗin kan zauna a manhajar, inda yanka sabon tikiti ya fi tura shi banki sauƙi.

Babbar matsalar ita ce ta doka. Ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta, cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi sai Abuja kaɗai. Ke nan kowace jiha ita ke da wuƙa da nama.

Legas na da hukumar da ke ba da lasisi tana kuma sauraron koke. Sakkwato kuwa tana bin Shari'ar Musulunci tun 2000, kuma caca haramun ce a cikinta. Saboda haka wanda kuɗinsa suka maƙale a Sifawa ko Danchadi ba shi da ofishin da zai je. Idan ya kai ƙara, kansa ya tona wa asiri. Wannan shiru ne ke ba 'yan damfara dama, masu buɗe shafukan bogi da masu cewa a turo "kuɗin buɗe asusu" kafin a saki abin da aka ci.

Hisbah a Kano ta rufe shagunan caca da dama a 2024, kuma gwamnatin Ahmed Aliyu ta farfaɗo da tata Hisbar a Sakkwato. Amma ana sa wa shago kwaɗo, ba a sa wa waya.

Abin da ya rage wa jihar shi ne ta fayyace matsayin cacar intanet a dokarta, ta nemi haɗin kan hukumar sadarwa ta NCC da bankuna, tunda su ke riƙe da hanyar da kuɗin ke bi. Kafin nan, nauyin na kan iyaye da malamai, domin kuɗin da ke salwanta sau da yawa na taki ne, ko jarin kabu-kabu, ko ribar albasar da aka sha wahalar nomawa a fadama.