KOWA YA CI LADAN KUTURU, TILAS YA YI MASA ASKI

Jama'a, a kasa kunne. Duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwar Sakkwato da sassafe ya san irin tarin da ke fita daga ƙirjin 'yan dako da 'yan kabu-kabu. Da yawansu sun rantse sun bar taba, wani har sau biyar, amma azumi na wucewa sai ga shi gaban mai tebur yana neman kara guda. Sa'an nan manya su ce wai talaka ne ba shi da zuciya. Ƙarya ce!

Cikin taba akwai wani sinadari, nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya saba mata da kansa. Ran da aka hana ta, sai ciwon kai da faɗa ba dalili da rashin barci, har mako biyu zuwa huɗu kafin su lafa. Watau ciwo ne, ciwo kuwa magani ya ke so, ba gori ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yunƙuri 100 na barin taba ba da taimako ba, kamar 4 kaɗai ke dacewa, amma da shawarar likita da magani sa'ar mutum ta kan ninka. Tun 2009 ta sa cingam da filastar nikotin cikin jerin magungunan da ya wajaba a samu ko'ina.

To, ina Gwamnati? A 2005 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba, wadda sashenta na 14 ya ɗora mata taimakon masu son bari. A 2015 aka yi doka, ta hana sayar da taba kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma kafa asusun wannan aiki. A 2018 aka aza sabon haraji na naira 1 bisa kowane kara, a 2019 ya koma naira 2. Mu ma an koya mana lissafi. Kuɗin nan daga aljihun ɗan dako su ke fita. Me ya komo masa? Wanda ya taɓa karɓar filastar nan kyauta a asibitin unguwarsu, ya zo ofis ya gaya mana, mu buga sunan unguwar.

Bukatarmu uku ce. A ware wani kaso na harajin taba domin magani. A koya wa malaman ƙananan asibitoci yadda za su taimaki mai son bari. A riƙa sanarwa da Hausa a rediyo inda za a je.

Kafin nan, 'yan'uwa, kada ku zauna jira. Ga Asibitin Ƙwararru, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga na Kware, zuwa can kuwa ba hauka ba ne. Ku gaya wa likita gaskiyar kara nawa ku ke sha, ku sa ranar bari, in kun faɗi ku koma. Ku kuma masu tebur, ku ji tsoron Allah, ku daina miƙa wa yara.

Duk mai neman ƙuri'a da ya shigo kasuwa, ku tambaye shi ina kuɗin taba. Allah ya ba mu lafiya, amin.