Wa Ke Ɗaukar Hoton 'Yan Arewa Mazauna Kudu?

Tun shekarar 1916 aka kafa unguwar Sabo a Badun, watau fiye da shekara ɗari ke nan Hausawa suna zaune a can, suna fataucin goro da shanu. Amma hotunan 'yan Arewa mazauna Kudu da suka fi yawo a jaridu su ne na ranakun tashin hankali: Shagamu a 1999, Idi-Araba a 2002, kasuwar Shasha a 2021. Daga hayaƙi da ƙonannun rumfuna, sai mutane da kaya a ka suna neman motar gida. Gani kuwa ya kori ji. Wanda bai taɓa shiga Sabo ba, da wannan zai san mutanenta.

Ba za a ɗora wa mai hoton jarida laifin duka ba, gama aikinsa shi ne ya je inda abu ya auku. Haka Peter Obe na Daily Times ya yi a yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Amma akwai wani irin aikin. Tun 1968 J. D. Okhai Ojeikere ya shiga ɗaukar hoton kitson matan Nijeriya, har ya tara wajen dubu kafin rasuwarsa a 2014. Ashe zaman yau da kullum shi ma tarihi ne, in ya sami mai adana shi.

A nan ne jama'ar zango suke da sakaci. Za a yi naɗin Sarkin Hausawa ko saukar karatu, a kashe kuɗi a kan abinci da makaɗa, ba a tuna da mai hoto sai rana ta take. Alhali kuwa duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san haske shi ne jarinsa. Farar babbar riga da tsakar rana takan ruɗi kyamara, ta rage hasken da take karɓa, sai fuska ta fito duhu, inuwar rawani kuma ta rufe idanu. Jan tamfol na rumfa yakan rina fuskokin baƙi. Maganin abin shi ne a yi hoton manya da hantsi ko bayan la'asar, ko a inuwa, ko mai hoto ya haska fitilar kyamararsa. Ɗaurin rawani kuwa sau ɗaya ake yinsa. In 'yan'uwa masu wayar hannu suka tare gaba, ya wuce ke nan.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa, daga Agege har Fatakwal, su riƙa shawartar mai hoto tun kafin a tsai da lokacin taro, a ware masa wuri, a biya shi hakkinsa. A wanke hotunan, a rubuta sunaye da kwanan wata a bayansu, a ajiye a fada, a kuma aika wa jaridu. Lalle ne kuma a tura samari su koyi sana'ar, domin ɗan unguwa shi ya san dattijon da ya cancanci gaba, da gidan da ba a shiga sai da izini. In ba a yi haka ba, jikoki za su nemi hoton kakanninsu, su tarar da na ranar gudu kaɗai.