Wasiƙa Zuwa ga Masu Garke a Fadamar Haɗeja



Duk kaka, idan shanu suka afka wa shinkafa a Guri ko Kirikasamma, yaron da ke riƙe da sanda ake kamawa, mai dukiyar kuwa yana gida yana cewa bai sani ba, bai aika ba. Ina ba ku shawara ku daina jingina da wannan magana, domin ba ta da nauyin da kuke zato a gaban alƙali.

A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hukuncin da Annabi (SAW) ya yanke kan taguwar Bara'u ɗan Azib da ta yi ɓarna: tsaron gona da rana yana kan mai gona, abin da dabba ta lalata da dare kuwa mai ita zai biya. Ba a bincika niyyarsa ba, mallakar kaɗai ta ɗora masa lamuni. Muhtasar na Halilu ma ya ƙara da cewa zai biya ko da ɓarnar ta zarce kuɗin dabbar. Za ku ce ai laifin wani ba ya hawa kan wani. Haka ne a batun ɗauri, domin dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 tana neman ganganci ko sani kafin ta kira abu laifin ɓarna. Amma ita ɗin dai tana hukunta wanda ya zuga tamkar wanda ya aikata. Wanda ya ce wa yaro ya kora shanu cikin gona idan dare ya raba, da hannunsa dumu-dumu. Wanda kuma ya damƙa garke guda ga yaron da bai balaga ba, a ganina sakacin nasa ne, ba na yaron ba.

Kukanku na cewa an nome burtali da mashaya gaskiya ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliya ta sauya hali, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, kowa ya matsu. Sai dai wannan ƙara ce daban, wurin kai ta Hukumar Manoma da Makiyaya ta Jigawa ko fadar Haɗeja, ba gonar talaka ba.

Don Allah ku haɗa yaran da babban mutum, ku turke shanu da dare har a kwashe amfani, kuma ku faɗa gaban shaidu wanda zai biya tun ranar da kuka ba da kiwo.

Wassalam.