Maganin hawan jini da ciwon rawar jiki: ɓera dabam, mutum dabam

A makon jiya wani abokin aikina ya nuna mini saƙo a wayarsa, wai an gano maganin hawan jini yana warkar da ciwon rawar jiki. Mahaifinsa na fama da cutar Parkinson, ko cokali ba ya iya riƙewa, shi ne yake tambaya ko ya ƙara wa tsohon ƙwayar amlodipine da yake sha. Ni malamin makaranta ne, ba likita ba, amma na ce masa kul.

Labarin dai ba ƙarya ba ne zalla. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kambrij ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa David Rubinsztein, sun gwada maganin felodipine a kan ɓeraye. Suka ga yana zaburar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su share gurɓataccen furotin da ke taruwa a cikinsu, irin wanda ake gani a cututtukan Huntington da Parkinson.

To amma a wannan shekarar ce kuma aka ji ƙarshen ɗan uwansa isradipine, wanda shi ma ya yi abin kirki a jikin ɓeraye. An gwada shi a kan mutum 336 masu sabon kamu a Amurka da Kanada, har shekara uku. Da waɗanda suka sha maganin, da waɗanda aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta, cutar ta ci gaba da cin su daidai wa daida.

Na fahimci abin da ke jan masana zuwa tsofaffin magunguna: suna da arha, an kuma san illolinsu. Sai dai a ganina arhar ce ke jawo jinkiri, don kamfani ba ya son zuba kuɗi a gwajin maganin da kowa ke da ikon sarrafawa.

Shi kuwa amlodipine, wanda ya cika kantunan maganinmu, ba ya ma shiga ƙwaƙwalwa sosai. Ga shi masu Parkinson da yawa jininsu kan faɗi idan sun miƙe tsaye. Ƙara musu ƙwaya na iya kawo jiri da faɗuwa, kuma karayar ƙugu ga dattijo ba wasa ba ce. Abokin nawa ya ce ranar Alhamis zai kai Baba asibiti a auna jininsa, a zaune da kuma a tsaye.