In Fasto Ba Ya Nan, Wa Zai Tsaya?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya zagaya ƙauyukan Kudancin Kaduna, ko na Filato da Binuwai da Adamawa a 'yan shekarun nan, zai ga wani abu wanda ba a cika maganarsa a jaridu ba. Akwai majami'u da dama waɗanda ran Lahadi ba fasto ne ke tsayawa a gaba ba. Wani wurin dattijo ne manomi, wani wurin malamin firamare, wani wurin kuwa shugabar Zumuntar Mata ce ke tara jama'a a yi addu'a a watse. Shi ya sa wata tsohuwar tambaya ta sake tasowa: shin an shirya talakan Kirista yadda zai iya bayyana bangaskiyarsa, ya kuma taimaki maƙwabcinsa, ko kuwa an jibga kome a wuyan fasto?

Abin da ya kawo haka ba ɓoyayye ba ne. Na farko shi ne rashin tsaro. Masu karatu ba su manta da Rabaran Lawan Andimi ba, shugaban ƙungiyar CAN na Michika, wanda 'yan Boko Haram suka kama suka kashe a watan Janairu na 2020, ko Fada Isaac Achi wanda 'yan bindiga suka ƙone a gidansa a Kafin Koro ta Jihar Neja a watan Janairu na 2023. Masu garkuwa da mutane sun gane cewa in suka ɗauke fasto, jama'arsa za su haɗa kuɗin fansa ko da za su sayar da hatsinsu. Saboda haka tura ma'aikaci ƙauye ya zama abin da hedkwatar kowace ikkilisiya ke yin tunani sau biyu a kansa.

Na biyu shi ne tsadar rayuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, baikon da ake tarawa ba ya sayen abin da yake saye a da, kuma faston da ke lura da ƙauyuka uku ko huɗu a kan babur ɗaya ba ya iya zagaya su yadda ya saba. Ga shi kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rage taimakon da take bayarwa a ƙasashen waje, abin da ya taɓa aikin lafiya da ciyar da 'yan gudun hijira a ƙasar nan.

To, da tsohuwar zuma ake magani. In aka duba tarihi za a ga ba Turawan mishan kaɗai suka kafa ikkilisiya a Arewa ba. Gaskiya ne mutanen SIM sun iso a 1893, na SUM suka sauka a Wase a 1904, 'Yan'uwa kuma suka fara aiki a Garkida a 1923, amma su 'yan kaɗan ne. Waɗanda suka shiga lungu-lungu su ne masu bishara 'yan ƙasa, yawancinsu manoma, waɗanda suka yi karatu da Hausa a wurare irin su Kagoro da Gindiri, musamman bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Da safe suna gona, da yamma suna koyar da karatu a gindin itace.

A shekarun 1963 da 1964 ne aka tsara wannan aiki sosai a ƙarƙashin shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda Gerald Swank na SIM da abokan aikinsa suka fara, suna koyi da wani shiri irinsa na ƙasashen Latin Amurka. Manufarsa ita ce kowane mai bi ya zama mai shaida. Aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, aka koya wa jama'a darussa daga ɗan littafi guda, ɗariku daban-daban kuma suka yi aiki tare. Har yau akwai ƙungiyar Sabon Rai a majami'u da yawa, ko da yake a wasu wuraren abin da ya rage mata shi ne ganga da waƙa.

Ta fuskar hidima ma an yi ƙoƙari. Peter Batchelor na SUM ya kafa shirin da ya haɗa bangaskiya da noma a ƙasar Filato, inda ake koya wa masu bi ingantaccen noma don su koya wa 'yan ƙauyensu. A shekarun 1970 kuma aka fara shirin Lafiya a Garkida, inda ƙauye kan zaɓi mutanensa a horar da su kan tsabta, da ruwan sha, da zazzaɓi, da gudawar yara, suna koyarwa ta hanyar tatsuniya. Wanda ke zuwa neman magani ba a tambayarsa addininsa.

Amfanin irin wannan horo ya fito fili a 2014. A watan Oktoba na wannan shekara 'yan Boko Haram suka mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos, jama'arta suka warwatsu har zuwa Kamaru. Gine-gine sun ƙone, amma inda duk 'yan gudun hijirar suka yada zango an ci gaba da sujada, mata kuma suka riƙe marayu da gwauraye. Abin da aka zuba a cikin mutum wuta ba ta cin sa.

Amma akwai wani gefe na maganar wanda bai kamata a rufe ido a kansa ba. Arewa ƙasa ce da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya suka fito. A watan Maris na 1987 gardama kan abin da wani mai wa'azi ya faɗa a taron ɗalibai Kirista a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan ta zama tarzomar da ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone wuraren ibada. A watan Oktoba na 1991 kuma shirin babban taron Bajamushen nan Reinhard Bonnke ya jawo asarar rayuka a Kano. Babu maganar da ta halatta zubar da jini, kuma wanda ya ɗauki makami shi ke da alhakin abin da ya aikata. Duk da haka baki shi ke yanka wuya, kuma a yau da kowane yaro ke da waya a hannu, kalma ɗaya kan zagaye gari kafin dattawa su ji labari.

Saboda haka horon da ake bukata ya wuce haddace ayoyi. Kamata ya yi mai bi ya san addininsa sosai yadda zai faɗi abin da ya gaskata ba tare da zagin na wani ba. Ya san abin da maƙwabcinsa Musulmi ke girmamawa, ya kuma kiyaye. Ya koyi wani abin amfani da hannunsa, ko jinya ce, ko noma, ko lallashin wanda aka kashe wa ɗan'uwa. Kuma kada taimako ya zama tarko: buhun masarar da aka ba mai yunwa da sharaɗin ya sauya addini ciniki ne, ba hidima ba. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna, waɗanda suka taɓa zama abokan gaba kafin su haɗa kai a 1995, sun nuna mutum na iya riƙe addininsa gam ya kuma zauna lafiya da wanda bai yarda da shi ba.

Shawararmu ga shugabannin ECWA, da na TEKAN, da Katolika da Angilika da sauran ɗariku ita ce su duba kasafin kuɗinsu da idon basira. Nawa ake kashewa a kan dogayen gine-gine da manyan taruka a birni, nawa kuma ake kashewa a kan katikis da mai bishara da matan zumunta na ƙauye? Makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa suna nan, akwai kuma tsarin karatun tauhidi daga gida wanda ba ya raba manomi da gonarsa. Abin da ya rage shi ne a ba su muhimmanci, a kuma sa mata da matasa a gaba, tun da su ne suka fi cika majami'a.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ikkilisiyar da ta dogara ga mutum guda, ran da aka ɗauke shi sai ta rasa inda za ta sa kanta. Wadda ta horar da jama'arta kuwa za ta tsaya, maƙwabtanta ma su amfana. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu Nijeriya, amin.