Labarin Garin Tuskegee da Iyakarsa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan filin da ka saba ba ni, in kai masu karatu wani ƙaramin gari na ƙasar Amurka, sunansa Tuskegee.

Garin yana cikin jihar Alabama, wajen mil 40 gabas da birnin Montgomery. Shi ne hedkwatar gundumar Macon, watau can kotu da ofisoshin gunduma suke. Asali ƙasar Indiyawan Creek ce, aka tashe su, Turawa suka kafa garin a 1833, suka sa bayi noman auduga. A 1881 Booker T. Washington ya buɗe makarantar baƙar fata a nan, wadda yanzu ta zama jami'a. A nan ne kuma George Washington Carver ya yi ta jan hankalin manoma ga gyaɗa da dankali, don auduga ta gajiyar da ƙasa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne iyakar garin. Mu akawuna mun saba ɗaukar taswira kamar ba ta ƙarya. To, ku saurara. Da, garin kusurwa huɗu gare shi. A 1957 majalisar jihar ta ga baƙar fata masu ilmi suna ƙaruwa wajen jefa ƙuri'a, sai ta sake zana iyakar, ta yi mata gefe 28, ta karkace nan, ta lanƙwashe can. Da aka gama, cikin baƙar fata wajen 400 masu ƙuri'a, huɗu ko biyar kaɗai suka rage cikin gari. Bature ko ɗaya bai fita ba. Mutum yana kwance a ɗakinsa, ya wayi gari an ce shi ba ɗan gari ba ne!

Mutanen ba su ɗauki sanda ba. Suka daina ciniki a kantunan Turawa, wani malamin makarantar kuma, Charles Gomillion, ya kai ƙara. A 1960 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba shi gaskiya, daga baya aka mayar da tsohuwar iyaka. A 1972 garin ya zaɓi baƙin mutum na farko ya zama magajin gari.

Ƙidayar 2010 ta sami mutum 9,865, ta 2020 kuwa 9,395, fiye da tara cikin goma baƙar fata ne. Raguwar nan ta dame ni, gama wannan karo ba wanda ya taɓa taswira.

Naka,
Wani Akawu