Takardar Neman Tallafin Karatu Ba Bara Ba Ce

'Yan uwa matasa, abin takaici ne ƙwarai ka ga ɗalibi mai hazaƙa, sakamakon jarrabawarsa ya yi kyau, amma tallafin karatu ya suɓuce masa saboda ɗan bayanin da aka ce ya rubuta game da kansa. Wani ya cika takardar da kuka: ni talaka ne, a taimaka mini. Wani kuma ya tafi shagon buga takardu a ba shi rubutun da aka riga aka sayar wa wasu, ko ya kwafo daga intanet. Duka biyun asara ne, na biyun ma har da ha'inci.

Shin me masu ba da tallafin suke nema? Mu ɗauki Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya take bayarwa tun 1983 don digiri na biyu. Abu huɗu suke tambaya: jagorancin da ka taɓa yi, hulɗarka da jama'a, dalilin zaɓen karatun, da shirinka bayan ka gama. Sharaɗi ne ma ka koma ƙasarku na shekara 2. Ka ga ke nan amfanin da za ka yi wa al'umma suke aunawa. A Amurka kuwa, Common App da jami'o'i da yawa suke karɓar ɗalibai ta kansa bai yarda rubutun ya wuce kalma 650 ba, don haka babu wurin dogon turanci.

To, ɗan uwa, zaɓi abu ɗaya da ka aikata da hannunka. Idan yaran unguwa ka koya wa lissafi da dare, faɗi su nawa ne, wata nawa kuka yi, wace matsala ta taso, yaya ka warware ta. Kada ka ce kai mai ƙwazo ne, bari aikin ya faɗa. In talauci ya shafi labarin, ambace shi a taƙaice, ka wuce zuwa abin da ka yi duk da shi.

Ka fara da wuri, ka amsa ainihin tambayar da aka yi, ka kai wa malaminka ya duba kurakurai, amma kada ya rubuta maka. Ranar ganawar baki da baki, kai za a titsiye a kan kowane layi, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Allah Ya sa mu dace.